Wane fim ɗin soyayya na Birazil ya dace ma'aurata su kalla?

Wata huɗu da tarewar ƙanwata ta kira ni da daddare. Ita da angonta sun gama kallon wani fim ɗin Birazil a Netflix, Ricos de Amor na 2020, labarin ɗan wani attajirin manomin tumatir da ya ɓoye arzikin gidansu ya yi shigar talaka don ya samu shiga wurin wata ɗalibar likitanci. Ya yi musu daɗi, suna son ƙari. Ta ce, "Yaya, ke da kika san finafinan mutanen nan, wanne za mu bi da shi?" Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani, don wanda suka kalla ɗin yana cikin masu sauƙi, kuma in na jefa mata suna da ka, tana iya kunna abin da za ta rasa inda za ta sa fuskarta a gaban miji.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kano mun saba labarin soyayya ya ƙare ranar ɗaurin aure. Iyaye sun ƙi, an sha wuya, an sasanta, an kai amarya, sai a tashi. Da yawa daga cikin finafinan barkwancin soyayya da suka cika gidajen sinima a Birazil daga bayan biki suke ɗauko labari. Abin da ya dame su shi ne inda sha'awa take tafiya bayan an shekara goma ko ashirin a ɗaki ɗaya, da abin da mace take yi da abin da ke ranta wanda ba ta iya faɗa. Tambayoyi ne na gaske, mu ma muna da su, sai dai mu a ɗakin uwa ko a kunnen aminiya ake yin su. Su kuwa a gaban kyamara suke yi, kuma ba duka ba ne suke saya wa abin zane. Shi ya sa zaɓin yake buƙatar a san wa zai kalla, da wa zai kalla, da kuma shekarun da auren ya yi.

Duk wanda ya nemi shawara a intanet, sunan da za a fara ba shi shi ne Dona Flor e Seus Dois Maridos, wato Dona Flor da mazajenta biyu. Bruno Barreto ne ya ba da umarninsa, ya fito a 1976, an ɗauko shi daga littafin Jorge Amado na 1966. Sama da mutum miliyan 10 suka shiga sinima suka kalle shi, kuma babu fim ɗin ƙasar da ya kamo shi sai a 2010. Labarin a birnin Salvador na jihar Bahia yake, a 1943. Flor, wadda Sônia Braga ta fito a matsayinta, malamar girki ce, a gidanta take koya wa mata. Mijinta Vadinho ɗan caca ne, mashayi, mai bin mata. A daren farkonsu ma sai da ya sulale ya tafi wurin caca. Yana kwashe ɗan abin da ta tara da guminta, har hannu yana sa mata in ta hana. A farkon fim ɗin ya yanke jiki ya faɗi yana tsakar rawa a Kanibal, bikin kiɗa da rawa da ake yi a titi duk shekara, sanye da kayan mata, ya mutu a titi. Kowa ya ce Flor ta huta. Ita kaɗai ta san abin da ta rasa, domin duk lalacewar mutumin nan, a shimfiɗa bai taɓa barin ta da ƙishi ba.

Bayan zawarci ta auri Teodoro, mai kantin magani, mutum kamili wanda komai nasa a tsare yake. Ba ya taɓa kuɗinta, ba ya kwana a waje, abin da ya ɗauka nishaɗi shi ne busa wata doguwar sarewar Turawa tare da abokansa. Hatta kusantar iyali ya yanka mata ranaku, Laraba da Asabar. Flor ta samu mutunci da kwanciyar hankali, tana kuma girmama shi da gaske. Amma kewar na farkon ta ci ta har ta kira shi a zuci, sai ga fatalwarsa zaune a kan gado tsirara, ba mai ganin sa sai ita.

Na daɗe ina juya dalilin da ya sa labarin nan ya kama mutanen Birazil haka, kuma ina ganin shekarar fitowarsa tana da hannu. A 1976 babu saki a dokar ƙasar. Ma'aurata suna iya rabuwa a kotu, abin da suke kira desquite, amma ba wanda zai sake aure muddin ɗayan yana raye. Sai a ƙarshen 1977 aka yi dokar saki, bayan Sanata Nelson Carneiro ya shafe shekaru yana fafutuka, Cocin Katolika kuma tana ja. Matar da ta faɗa hannun irin Vadinho ba ta da ƙofar fita sai mutuwa, wadda ta faɗa hannun irin Teodoro kuwa ba ta da bakin ƙorafi, don kowa zai ce me ta rasa. Matan da suka cika sinimomin nan sun san ɗakunan biyu. Fim ɗin ya ba su abin da doka da coci suka hana, ya ba su shi ta hanyar fatalwa, yadda ba wanda zai ce an yi auren miji biyu, wanda laifi ne a dokar ƙasar har gobe.

Akwai abin da yake taɓa ni a fim ɗin wanda bai shafi soyayya ba. Girkin Flor da manja ake yin sa, Salvador kuwa gari ne da mata suke soya ƙosai a bakin titi, suna kiran sa acarajé. Nan ne aka sauke dubban bayi daga Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka shirya tawaye a 1807, kafin babban tawayen Musulmi na 1835. In kyamara ta bi titunan garin, fuskokin ba baƙi ba ne a idona.

Duk da haka ban ba ƙanwata shi ba, kuma ba zan ba kowane sabon aure ba. Tsiraicinsa a fili yake, ba na leƙe ba ne, ba kuma wuri ɗaya ba ne da za a ce a tsallake. Abin da ya fi tsiraicin damuna shi ne rabon da ya yi wa maza: mai daɗin zama ɗan iska ne, mutumin kirki kuma sanyi ƙalau. Fim ɗin bai taɓa tsayawa ya tambaya ko Teodoro zai iya koyo ba, ko Flor za ta iya buɗe baki ta gaya masa abin da take so. Ya yanke cewa mutum ɗaya ba zai haɗa biyun ba, ya rufe da Flor tana fitowa daga coci da miji a kowane gefe. Yarinyar da ta yi wata huɗu a ɗaki, wadda ita da mijin duk kunya ba ta gama sakin su ba, ba ta buƙatar a dasa mata wannan a rai. Kuma dukan da Vadinho yake yi mata, labarin ya wanke shi da fara'arsa, abin da na kasa yafewa. Wanda yake nazarin adabi ko tarihin Birazil zai ƙaru da shi, littafin ma ya fi faɗi. An sake yin fim ɗin a 2017 da Juliana Paes, labarin bai canza ba, hukuncina ma haka.

Shekara 30 bayan Dona Flor aka yi wanda nake ganin ya fi dacewa da ma'aurata, Se Eu Fosse Você, ma'ana da ni ce kai ko da ni ne ke, don a harshen Fotugis kalmar ɗaya ce. Daniel Filho ya ba da umarni, ya fito a 2006, sama da mutum miliyan 3 suka kalla. Tony Ramos da Glória Pires, waɗanda duk mai kallon wasannin tashar talabijin ta Globo ta Birazil ya san su, su ne Cláudio da Helena. Shi yana da kamfanin shirya tallace-tallace a Rio de Janeiro, ita tana koyar da kiɗa a makaranta tana kula da ƙungiyar yara masu rera waƙa. Sun daɗe da aure, suna da 'ya budurwa. Ba mai cin amanar wani, ba duka, ba talauci. Abin da ya same su shi ne abin da yake samun yawancinmu: kowa ya ɗauka nasa aikin ne wahala, na ɗayan hutu ne. Wani dare suka yi cacar baki, gari ya waye ran kowa yana jikin ɗan'uwansa.

Dabarar musayar jiki tsohuwa ce, Amurkawa sun sha yin ta. Abin da ya ɗaga wannan shi ne 'yan wasan biyu. Tony Ramos bai tsaya ga lanƙwasa murya da karairaya ba. Yadda yake zama ya haɗe gwiwa, yadda yake sauraron mutum har ya gama magana, yadda ransa yake ɓaci ya haɗiye, duk na matar da ta shekara ashirin tana haƙuri ne. Glória Pires kuma ta ɗauko tafiyar namijin da bai taɓa tunanin ana kallon sa ba. Dole Helena ta je ofis ta fuskanci abokin kasuwanci da masu ba da kwangila, ta gane cewa shirun da mijin yake dawowa da shi gida tsoron karyewa ne yake ɓoyewa. Dole Cláudio ya tsaya gaban yara masu waƙa, ya yi fama da gida da 'ya da suruka, ya ji yadda yini yake ƙarewa ba wanda ya ce sannu.

Da maigidana muka kalle shi a kwamfuta bayan yara sun yi barci, muna bin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Rabin farko dariya yake yi har yana dafa ciki. Can wajen da Cláudio yake ta kai-kawo da hidimar gida cikin jikin matarsa sai na ji ya yi tsit. Ya tsayar da fim ɗin ya juyo ya ce, "Maman Abba, wai haka yininki yake?" Na ce wannan ai ba ta da goyo, ba ta jiran a kawo wuta, ba ta da baƙi daga ƙauye. Bai ce komai ba, ya sake kunnawa. Ni ma ban fita salin alin ba, don da aka zo inda Helena ta ga abin da mijinta yake haɗiyewa a wurin aiki, sai da na tuna sau nawa na tare shi da lissafin cefane tun bai cire takalmi ba.

Nan ne bambancinsa da Dona Flor yake. Duka biyun sun yarda cewa aure yana iya yin sanyi alhali ba wanda ya yi laifi. Na 1976 ya ce maganin yana wajen wani mutum na uku, ko da fatalwa ce. Na 2006 ya ce mutumin da kike nema yana nan a ɗakin, ba ki taɓa tsayawa inda yake tsaye ba ne, shi ma haka. Maganar shimfiɗa tana ciki, don dole a zo ga tambayar yadda miji da mata za su kusanci juna alhali jikin ya sauya, kuma an yi barkwanci da ita sosai. Amma tsakanin ma'aurata ne, da baki aka fi yin ta, ba a tuɓe ba. Abin da zan gargaɗar shi ne wasu mazan namu ba sa jure ganin namiji yana kwaikwayon mata ko da a wasa ne, kuma shigar matan Rio ba irin tamu ba ce, akwai kayan wanka da gajerun riguna. Na ɗaki ne, ba na falo da yara ba.

Kashi na biyu ya fito a 2009, ya ma fi na farko kasuwa, sama da mutum miliyan 6. A cikinsa auren ya kai bakin rabuwa, ga 'yarsu ta yi ciki kafin aure ana shirin biki a gaggauce. Yadda iyayen suka karɓi zancen cikin da sauƙi zai yi wa mai kallo Bahaushe banbaraƙwai. Dariyarsa ta fi yawa, amma na farkon ya fi shiga rai, kuma shi kaɗai ya wadatar.

Akwai biyu da za a yi ta tura wa mai nema, ba zan daɗe a kansu ba. De Pernas pro Ar, na Roberto Santucci, ya fito a ƙarshen 2010, Ingrid Guimarães ce jarumar. Alice mace ce da aiki ya cinye, ta rasa aikin da mijin kusan lokaci guda, ta koma haɗa jari da maƙwabciyarta mai kantin kayan jin daɗin ma'aurata. Tambayar da ya ɗauko mai nauyi ce, ta matar da ta yi shekaru da aure har da ɗa amma ba ta san gamsuwa ba, kuma duk wadda ta san yadda kasuwar kayan mata take ci a garuruwanmu ba za ta ce matsalar ta Birazil ce kaɗai ba. Sai dai kusan duk barkwancinsa a kan kayan kantin nan yake, ana ɗaga su ana nunawa. An yi masa ci gaba a 2012 da 2019. Ban ga yadda za a kalle shi da wani a gefe ba tare da an ji nauyi ba. Meu Passado Me Condena na 2013 kuwa, wanda Júlia Rezende ta ba da umarni, sababbin aure ne da suka ɗaura bayan wata ɗaya da haɗuwa, suka hau jirgin ruwa zuwa Turai yawon amarci, suka tarar tsohon saurayinta da wadda shi ya taɓa so suna cikin jirgin. A take ya yi kama da abin da ya dace da amarya da ango. Ni kuwa ina ganin kishin tsohon saurayi ba abin da za a tayar wa ango ba ne a wata na huɗu, ko da da wasa.

Wanda na ajiye wa ƙanwata shi ne Lisbela e o Prisioneiro, Lisbela da fursuna, na 2003. Guel Arraes ya ba da umarni, daga wasan kwaikwayon Osman Lins, kuma labarin a karkarar jihar Pernambuco yake, a arewa maso gabashin ƙasar, yankin rake da ƙananan garuruwa. Shi kaɗai a cikin waɗannan ya tsaya kafin aure. Lisbela, wadda Débora Falabella ta fito a matsayinta, 'yar shugaban 'yan sandan garin ce, an sa mata rana da Douglas, wani ɗan ƙwalisa da ya ɗan zauna a Rio ya dawo yana karya harshe irin na 'yan birni. Ita kuwa ba abin da take so kamar sinima. Tana zaune kusa da saurayin tana gaya masa abin da zai faru a fim tun kafin ya faru, wane ne jarumi, yaushe zai haɗu da jarumar, don ta haddace yadda ake saƙa irin labaran. Sai ga Leléu ya shigo gari, wanda Selton Mello ya fito a matsayinsa, mai yawo gari-gari da mota yana sayar da maganin ƙarya yana wasanni, ya bar mata suna kuka a duk inda ya bi. Ɗaya daga cikinsu matar wani makashi ce, Frederico Evandro, wanda ya biyo sawunsa da bindiga.

Leléu ɗan'uwan Vadinho ne a hali, bakinsu ɗaya, yaudararsu ɗaya. Bambancin shi ne wannan labarin bai bar shi ya ci bulus ba. Son Lisbela ya kai shi ɗakin tsare masu laifi na mahaifinta, ya sa shi ya zaɓa tsakanin yawonsa da ita, har ransa ya shiga haɗari. Vadinho bai taɓa barin komai saboda Flor ba, ko mutuwa ba ta canza shi ba. Kuma Lisbela ba a zaune take tana jiran a zaɓa mata ba, ita take auna mazan biyu da idonta. Wanda ya saba da finafinan Indiya zai ji kamar a gida yake: uba mai tsauri, baiko da wanda ba a so, mugu mai gashin baki, waƙoƙi masu shiga jiki, cikinsu har da muryar mawaƙi Caetano Veloso. Akwai sumbata, akwai wuraren da aka nuna alaƙar Leléu da matar aure a farkon labari, don haka shi ma ba na yara ba ne. Amma a cikin biyar ɗin nan shi ya fi kunya, shi ne kuma wanda mutum zai gama ya ji son masoyinsa ya ƙaru. Rauninsa ɗaya, ya tsaya daidai inda wahalar take farawa. Ba mu ga Leléu bayan shekara goma ba, ranar da kuɗin cefane ya yanke kuma ƙafarsa ta fara ƙaiƙayin hanya. Wannan sai a nema a wurin Cláudio da Helena.

Abu ɗaya da zai taimaki duk mai zaɓe: Ma'aikatar Shari'a ta Birazil tana sa wa finafinai alamar shekaru a ɗan akwati mai launi. Daga cikinsu, kore mai harafin L na kowa ne, shuɗi 10, rawaya 12, ruwan lemo 14, ja 16, baƙi 18. A duba kafin a kunna, amma a tuna ma'auninsu ba namu ba ne. Abin da suka ce ɗan shekara 12 zai iya gani, sau da yawa a gidajenmu sai an kori yara an rufe ƙofa. Ni nakan ƙara mataki ɗaya a kan duk abin da suka rubuta. A kuma nemi mai fassarar rubutu maimakon wanda aka ɗora wa wata murya, musamman Lisbela, don rabin daɗinsa a karin harshen mutanen arewa maso gabas yake, ko ba a jin Fotugis kunne yana kama bambancinsa da na Douglas.

Da kwana biyun suka cika na kira ta. Na ce su fara da Lisbela, ta rubuta sunan Se Eu Fosse Você ta ajiye sai ranar da ta ji sun fara ƙirga wa juna wahala. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, mu ai ba za mu kai nan ba." Na ce Allah ya sa, amma dai ta rubuta. Bayan mako guda ta turo min saƙo cewa sun kalla har sau biyu, kuma angon ya ce a tambaye ni ko akwai wani irinsa.